Sunan da Ke Kan Dutsen Coci

Sana'ata rubutun allon talla. Baba Nwankwo, dattijon wata tsohuwar coci a Sabon Gari, ya ba ni aikin sabunta fentin sunayen da ke jikin wani dutse a harabar, na 'yan cocin da suka mutu a ƙasar Bama lokacin yaƙin duniya na biyu. Aikin ya kai ni bayan isha'i, ina haskawa da fitilar waya.

Ana tsakiyar bazara, sai na ji ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Wani saurayi ne tsaye a bayana, sanye da gajeren wandon kaki.

"Malam, karanta mini," in ji shi. "Ban yi boko ba."

Na fara karantawa. Da na zo kan Bulus Kaduna sai ya dafa kafaɗata, hannun sanyi ƙalau.

"Ni ne nan. Amma Istifanus sunana, ɗan unguwar Muchia. Sunan ƙarya na ba Bature, don kada Inna ta zo ta cire ni daga soja."

Na juyo na haska shi da fitilar, ya ci gaba da magana.

"Duk Lahadi takan sa a karanta mata dutsen nan. In ba ta ji sunana ba sai ta koma gida da murna, ta ajiye mini tuwo."

Na sauke fitilar ƙasa. Babu takalmi a ƙafafunsa, sai ɗanyen taɓo da ke ɗiga a kan busasshen siminti.

"Don Allah ka gyara," ya ce a hankali. "Har yanzu tana ajiyewa."