Allurai Bakwai a Fuskar Mak Rokiah

Ranar da abin ya fara, Mak Rokiah, wato Mama Rokiah a yarenmu, tana da kwana biyar da dawowa daga asibiti. Rana ta yi ja a kan kogin Muar, 'yarta Hanisah tana ɗakin girki tana ɗumama miyar kifi. Ita kuwa tana zaune a baranda, an tokare ta da matasai uku, kanta naɗe da farin bandeji daga haɓa har tsakar ka, tana kurɓar kunun shinkafa da ƙaramin cokali don bakin ba ya buɗuwa sosai. Mijinta Pak Bahrin, wato Baba Bahrin, tsohon direban bas, yana alwala a bakin famfo. Ladan ya ɗaga murya ke nan, sai dutse ya faɗo a kan kwanon rufi.

Na biyu ya biyo baya, sannan na uku, a hankali, kamar mai jifan ba ya sauri. Pak Bahrin ya zagaya gidan sau biyu, bai ga ko mage ba. Ya ɗauki dutse ɗaya, ya yar da shi nan take, don zafinsa ya kai na garwashi. Bakwai aka jefa, sannan unguwa ta yi tsit.

Wanda bai san Mak Rokiah ba, to bai taɓa zuwa biki a garinmu ba. Shekara arba'in tana yi wa amare kwalliya, kuma sau da yawa ita ake kallo a bar amaryar. Amma shekaru ba sa jin kunyar kowa. Da ta haura sittin kumatu suka sauko, wuya ya yi laɓa-laɓa, sai kawai ta haɗa jakarta ta nufi Kuala Lumpur. Mata suka yi ta tsegumi, wai tsohuwa ta tafi sayen ƙuruciya. Da maganar ta dawo mata, cewa ta yi, "Fuskata ce, gumina ne. Wadda abin ya dama ta rufe ido." Haka take, kuma ni dai tana burge ni.

Aikin da aka yi mata ba jan fata ba ne kawai. Likita yana shiga can ƙarƙashin naman fuska, ya saki igiyoyin da suka riƙe shi, ya ɗaga kumatu da wuya gaba ɗaya ya mayar da su mazauninsu na da. A can ƙasan ne, inda hannu ba ya kaiwa, ya ci karo da allurai bakwai na zinariya, sirara kamar gashin gira. Da ta farfaɗo ya miƙa mata su a 'yar kwalba, ya kira ta Makcik, wato inna, ya ce, "Ba ke ce ta farko ba. Sun tare min hanya, na cire su."

Susuk muke kiran su. Tana 'yar shekara goma sha biyar uwarta ta kai ta gun wani boka, ya tura mata su ƙarƙashin fata don farin jini. Shekara arba'in da bakwai ba ta ci tsire daga jikin tsinke ba, ba ta bi ta ƙarƙashin igiyar shanya ba, don sharaɗin ke nan, kuma ba ta taɓa faɗa wa miji ko 'ya dalili ba. Ta jefa kwalbar cikin jakar magunguna, tana ganin magana ta ƙare.

Magariba ta biyu, bayan duwatsun, aka ji murya daga cikin jakar, siririya, tana kiran "Kiah... Kiah...", sunan da uwarta kaɗai take kiran ta da shi. Pak Bahrin ya ce su bar gidan. Ta ce ba inda za ta; ita ta sayi bulon gidan nan da hodar amare.

Magariba ta uku, miya ta ƙone a kan wuta. Hanisah malamar lissafi ce, shekararta ashirin da bakwai, ko kwalli ba ta sawa. Sai ga ta zaune gaban madubin uwarta da cikakkiyar kwalliyar amarya, kwalbar a buɗe, tana tura allura cikin kuncinta na hagu, jini yana gangarowa zuwa haɓa. Da uban ya riƙe mata hannu, ta hankaɗe shi ya bugu da kabad. Ta waiwayo tana murmushi, ta yi magana da muryar tsoho.

"In uwar ta kore ni, ai ga 'yar."

Daga nan ba wanda ya sake tambayar abin da ake nema a gidan. Fuskar Hanisah ake so.

Washegari da la'asar Ustaz Kamarudin ya iso, ɗan siririn dattijo mai tari, riƙe da ganyen magarya da gorar ruwa. Ya saurari labarin har ƙarshe, ya dubi bandejin, ya girgiza kai.

"Yaya Rokiah, a shekarunki, da wuƙa a fuska..."

"Ustaz," ta katse shi, "wannan tsakanina da Ubangijina ne, kuma zan amsa. Alluran ma zan amsa, ko da yake ba ni na kai kaina ba. Yau dai 'yata ce ta kawo ka."

Ustaz ya juya kan yarinyar. Ya sa aka kwantar da Hanisah a tabarma, uban da maƙwabta biyu suka riƙe ta, ya ajiye kwalbar a faranti. Hasken taga ya dusashe. Kwaɗin bayan gida, da ba sa fashin kuka, suka yi shiru. Ya fara karatu a hankali, yana yayyafa ruwan. An daɗe ba abin da ya motsa, sannan bayan yarinyar ya lanƙwashe, muryar ta fito.

"Ka ƙona ni, malam! Me na yi maka?"

"Wane ne kai? Me ka zo yi jikin baiwar Allah?"

"Tambayi waccan mai kai kamar ƙunshin goro. Shekara arba'in da bakwai ina cikin kumatunta, ban taɓa sa mata ko ciwon haƙori ba. Sai wani mai safar hannu ya zo ya ɗage min rufin ɗaki, ya zaro ni kamar ƙaya. Ba sallama, ba na gode! A mayar da ni inda nake, in saki yarinyar."

Mak Rokiah ta miƙe daga kujerarta. Magana tana yi mata ciwo, amma ta fito da ita ɗaya bayan ɗaya.

"Kana ciki kumatun suka zube, ina amfaninka? Mutum da wuƙa ya yi a awa biyar abin da ka kasa. Ba za ka koma ba."

"To a sa wa 'yar. Uku kawai."

"Ko rabi."

"Ɗaya tak, ƙarƙashin gira. Dube ta, shekara ashirin da bakwai ba wanda ya ƙwanƙwasa ƙofa. Wata guda ki ba ni, ki ga motoci a ƙofar gidan nan."

"Ta tsufa a ɗakina in haka Allah ya so. Da fuskarta za ta tsufa."

Ustaz ya ɗaga muryar karatu. Abin ya yi ƙara, ya yi birgima, sannan kwatsam ya nutsu. Idanun Hanisah suka juya kan ubanta da yake danne da kafaɗarta.

"Zan fita, malam. Amma da kayana zan tafi. Bahrin! Ranar da ka taka birki a tashar Bentayan, fasinjoji suna zagin ka, wa ka gani a bakin titi? Ita ka gani ko ni? Shekara arba'in da ɗaya kana kallon ta kana manta shayinka, wa kake kallo? Kiah, ki zaɓa. Allura ɗaya a girar 'yarki, ko in kwashe abin da na zuba a idon mijinki."

Ustaz ya ce, "Maƙaryaci ne, kada ku saurare shi." Amma Mak Rokiah ta tsorata, kuma kowa ya gani, don wannan ce tambayar da take gudu tun ranar aurenta. Ta dubi mijinta, ta dubi huda a kuncin 'yarta. Wallahi na tausaya mata.

"Ustaz, bar shi. Ko gaskiya yake faɗa, na ji." Ta sunkuyo har bandejinta ya kusa taɓa goshin yarinyar. "Kwashe. Kwashe duka, kada ka bar min ko ƙwaya. Abin da ba nawa ba, ba na so. Fita daga jikin 'yata!"

Ustaz ya ɗora tafinsa a kan Hanisah, ya ɗauki alkawarin ba zai dawo ba daga bakin abin har sau uku. Ta yi atishawa, babban yatsan ƙafarta ya yi karkarwa, jikinta ya saki. Iska ta buga ƙofar baya ta fice. Can sai kwaɗi suka dawo da kukansu.

"Mak," in ji Hanisah da muryarta ta kullum, "wa ya shafa min wannan abin a fuska?"

Uwar ta goge mata da gefen zaninta, tana kuka ba sauti. Ustaz ya naɗe kwalbar a ƙyalle, ya ce zai jefa ta inda kogi ya haɗu da teku. Maƙwabta suka bi shi.

Saura su uku. Mak Rokiah ta kunna fitila, ta zauna gaban mijinta, ta warware bandejin da hannunta. Fuskar ta kumbura suntum, kumatu shuɗi da rawaya, zaren ɗinki ya bi gaban kunne ya shige cikin gashi.

"Abang, maigidana, dube ni."

Ya duba. Ya daɗe yana dubawa, har idonsa ya kawo ruwa. Pak Bahrin bai iya ƙarya ba, ko ta rarrashi.

"Kiah, ban san wannan matar ba."

Hanisah ta kama hannun uwarta. Uwar kuwa ba ta sunkuyar da kai ba.

"Ni ma ban san ta ba, yau muka fara haɗuwa. Ni da 'yata muna nan. In za ka zauna ka san ta, jawo kujera."