Wanda Ya Ƙona Motar Onorabul

Ko da Sufeto ya iso gidan Onorabul, motar kamfen ta gama ƙonewa. Ƙarfe ne kawai ya rage a tsakiyar haraba, lasifikokin samanta sun narke sun zubo. Zaɓen fid da gwani ya ƙarato, ga yaran jam'iyya cike da ƙofar gida suna rantsuwa sai sun ƙona gidan Injiniya, abokin takararsa, kafin la'asar.

Sufeto ya gaji da siyasa har wuya. Duk zaɓe sai an ƙona wani abu, kuma duk zaɓe shi ake tasowa ko karyawa bai yi ba.

Onorabul ba baƙo ba ne ga kowa. Da liƙa fosta ya fara, ya riƙe mazaɓa, ya riƙe jam'iyya, ya yi ta komawa majalisa har mutane suka daina ƙirgawa. Ba a taɓa yin kansila ba sai ya durƙusa a falonsa. Yanzu tsufa ya kama shi, ƙafafu sun kumbura, amma ka ce masa ya huta ka ga ɓacin rai.

Da Injiniya aka fara bincike. Dariya ya yi, ya ce shi da yake kan gaba me zai yi da tsohuwar mota, ai tausayi kawai zai jawo wa tsohon. Sufeto bai yarda da shi don kyan fuskarsa ba, ya koma ya zagaya katangar gidan Onorabul. Kwalaben da aka kafa a samanta ko ɗaya bai karye ba, babu sawun kowa. Maigadi, bayan ya sha rantsuwa, ya amsa cewa da asuba ya kulle ƙofa ya fita shan shayi, hayaƙi ne ya dawo da shi. Mai shayi ya tabbatar. Sakataren jam'iyya yana da makullin motar na biyu, ana kuma raɗe-raɗin zai sauya sheƙa, sai dai bawan Allah ko keke bai iya ba. Direba kuwa, wani dattijo mai furfura da ke kwana a ɗakin baya, ya ce jiya da yamma ya ajiye ta inda ya saba, bai sake taɓa ta ba.

Sufeto ya je ya duba inda ya saba ɗin. Rumfa ce jikin bangon ɗakin kwanan Onorabul, ƙasanta baƙi ƙirin da ɗigon mai na shekaru. Daga nan sawun taya ya miƙe zuwa tsakiyar haraba.

Ya shiga falo. Onorabul na kishingiɗe cikin kujerun alfarma, bayansa jingine da wani tsohon filo da ya lotse, duk maiƙo. Sufeto ya tambaye shi labarin filon.

“Bayana ne ke damuna. Wannan na mota ne, shekara da shekaru ba ya fita daga...” Sai ya waiwaya ya dubi filon.

“Wa ya kawo maka shi, ranka ya daɗe?”

Sufeto ya sa aka kira Direba.

“Baba, zauna. Maƙiyi inda ya samu mota nan zai cinna mata wuta, gida ya kama ma riba ce. Wannan sai da aka tayar da ita aka nisanta ta da ɗakin maigida. Ba a haura katanga ba, mai ɗaya makullin bai iya tuƙi ba. Sannan aka tuna da bayan maigida, aka ciro masa filonsa.”

Direba ya cire hula ya ɗora a gwiwa. Bai yi musu ba. Ya ce shi ke kai Onorabul wankin ƙoda a ɓoye, ta ƙofar bayan asibiti, don kada 'yan adawa su ji. A gabansa likita ya ce wani kamfen ɗin zai iya zama ajalinsa. Makon jiya, bayan ya sauko daga jawabi, ya suma a kujerar baya, shi ya yayyafa masa ruwa.

“Na faɗa masa, matarsa Hajiya ta faɗa masa, ba ya jin kowa. Na ce ko in babu motar zai zauna. Ni ba na so in tuƙo gawarsa, Yallaɓai.”

Tausayi ya kama Sufeto, abin da ya daɗe bai ji ba a wurin aiki. Ya dubi Onorabul, don motar tasa ce, ƙarar ma tasa.

Onorabul ya dubi kumburarrun ƙafafunsa.

“Sufeto, wayar batir ce ta haɗu. Haka za ka faɗa wa yaran nan su watse.”

Sannan ya ƙwala wa Sakatare kira, ya ce a nemo motar haya a ɗaura mata lasifika, akwai taro da yamma a kasuwa.

Direba ya mayar da hularsa. Ya jira har maigidan ya miƙe da ƙyar, ya ɗauki filon ya kakkaɓe shi, ya tambayi Sakatare a ina motar za ta tsaya.