Fuskar da Ke Ƙarƙashin Tawa

Gab da magariba na hau benen da 'yar ƙanena take zane, don in karɓi sarƙata ta lu'ulu'u. Aron kwana bakwai ta yi, ga shi wata ya cika. Ni na goye ta, ni na saya mata burushinta na farko. Da ta ce za ta zana ni da sarƙar, na zauna mata kwana uku kamar gunki.

Sarƙar gadon uwata ce. Ƙwaya arba'in da ɗaya, irin wanda ake cirowa daga ƙasan ruwa. Uwata ta ce suna da mai su, aro aka ba mu, kada a tsinke zaren. Na faɗa wa yarinyar sau biyu.

Ƙofar a buɗe take. Ba kowa. Warin fentin mai ya tare ni, a bayansa kuma wani ƙarni, kamar na laka a bakin rafi.

A kan tebur na ga ɗan turmi da farin gari a ciki. Kusa da shi, zaren, tsirara. Daka su ta yi ta kwaɓa da fenti, don fatar hoton ta yi sheƙi.

Na ɗaga kai. Ga hotona nan a jikin ƙyalle. Ta goge mini tsufa, ta ba ni kyan da ban taɓa yi ba. Amma daga haɓa zuwa ƙirji, lu'ulu'u ne ke fasa fata yana fitowa kamar maruru, ruwa na tsattsafowa.

Ƙwal.

Ƙwaya ɗaya ta faɗo, ta gangaro ta taɓa yatsan ƙafata. Na kira ta a waya.

"Gwaggo, kina ina?" Raɗa take yi.

"Ina kallon aikinki, 'yar albarka."

"Ki fita! Tun ranar da na daka su wata mata take zuwa, jikinta na ɗigar ruwa. Fuskar da ke hoton take nema. Tawa na fara zanawa, sai na..."

"Sai kika shafe da tawa."

"Ke kina da taurin zuciya, Gwaggo. Kuma ai kin ci zamaninki."

Wayar ta mutu.

Bayana, ɗis. Ɗis.

Yatsu masu sanyi suka sauka a wuyana. Wata murya kamar daga cikin randa ta soma ƙirga.

"Ɗaya."

Fatar wurin ta kumbura.

"Biyu."

Numfashina ya soma yankewa. Amma kwana ukun nan da na zauna mata ba barci na yi ba. Na lura fentin mai ba ya saurin bushewa. Na laluba tebur, na damƙi 'yar wuƙar da take kwaɓa fenti da ita.

"Bakwai."

Na kankare goshina na jikin hoton. Na kankare hancina.

Idanun yarinyar suka leƙo daga ƙarƙashin fentin.

Yatsun suka tsaya. Suka sake ni.

Ban san yadda na sauko daga benen ba. Takalmina ɗaya yana can har yau.

Ƙulli bakwai ne a wuyana, masu tauri, likita ya rasa sunansu. Yarinyar kuwa tana raye. Sau uku tana zuwa ƙofata da gyale naɗe har haɓa, in ta ce "Gwaggo" sai ka ji wani abu na kaɗawa a maƙogwaronta. Ban buɗe ba. Mutane na cewa na cika riƙo, yarinya ce. Su faɗa. Da ta zo ta durƙusa ta tambaye ni, wallahi da na miƙa mata wuyan nan da kaina.