Akushin Baƙi

Hajiya Ummakulsum tana tsakar gida tana tsince shinkafa ɗanta Sammani ya shigo, fara'a ta fi ƙarfin fuskarsa. Ko takalmi bai gama cirewa ba ya durƙusa.

"Hajiya, albishirinki. Jawahir ta samu. Gwamnati ta ɗauki nauyinta a shirin musayar ɗalibai, za ta yi kusan shekara a wata jami'a a Maleshiya. Kuɗin jirgi da na karatu duk gwamnati ce. A sashensu na harhaɗa magunguna su biyu kacal aka zaɓa, ita da ƙawarta Nneka ta Sabon Gari."

Hajiya ba ta ce goro ba. Ta ajiye farantin a hankali.

"Wace Jawahir? Wadda muka kai wa kayan sa rana?"

"Ita fa, Hajiya. Biki ne kawai za a ɗaga zuwa dawowarta."

"Kawai, ko? Yarinya da kayanmu a ɗakinta ta tsallaka teku ta je ta tare a gidan da ba mu san asalinsa ba? Iyayen kirki ba sa sakin 'ya mace haka. Ka gaya wa Malam Ilu, ranar da 'yarsa ta taka jirgi, ranar zan aika a kwaso min kayana."

Wanda bai san Hajiya ba sai ya ce muguwa ce. Ba mugunta ba ce, tinƙaho ne ya yi mata yawa. Gidan nan nasu na Fagge gidan fatoma ne tun kaka da kakanni, nan fatake daga Agadas suke sauke raƙumansu su kwana su ci su sha. Raƙuma sun daɗe da ƙarewa, amma labarin bai ƙare a bakin Hajiya ba, ko mai gyaran famfo ya shigo sai ya ji shi. Akwai wani baƙin akushi na kakan Sammani a saman kabad ɗinta, ba a zuba wa kowa tuwo a ciki sai baƙo. Abin alfaharinta a duniya shi ne ba a taɓa mayar da baƙo daga zauren nan ba.

Washegari Sammani yana shagonsa na kekunan ɗinki a Kasuwar Sabon Gari, ya kasa ko ƙirga allura, sai ga Jawahir da Nneka. Idanun Jawahir sun yi jawur.

"Na fasa tafiyar, Sammani," ta ce. "Ba zan raba ka da mahaifiyarka ba, kuma ba zan iya rabuwa da kai ba."

Zuciyarsa ta yi masa zafi. Shi da jiya ya bi layin nan shago-shago yana shelar cewa matar da zai aura gwamnati ta zaɓa, har maƙwabcinsa Chukwuma ya sayo masa lemo.

"Oga, ka yi mata magana," in ji Nneka. "Ka san yadda muka sha wuya a intabiyu ɗin nan? Wallahi in ta bar wannan cans ɗin, ni ba zan yafe mata ba."

"Ko ban fasa ba, abin zai fasa kansa," Jawahir ta faɗa tana share hawaye da gefen hijabi. "Musaya ce fa. Ni in zauna gidan wata ɗaliba a can, ita ta zo ta zauna gidanmu. To tun rasuwar Umma gidanmu daga Baba sai yayyena maza. Ofishin shirin sun ce in ban kawo gidan da akwai uwa a ciki ba, za su ba wani gurbina. Gidan su Nneka kuwa sun riga sun karɓi tasu baƙuwar."

Sammani ya kalli keken da ke gabansa. Can sai murmushi ya kuɓuce masa.

"Je ki haɗa kayanki," ya ce. "In na bari kika ajiye karatunki saboda ni, ban cancanci aurenki ba."

Da yamma ya sami Hajiya tana lazimi, ya jira ta shafa.

"Hajiya, wata yarinya ce za ta zo karatu daga ƙasar waje, an rasa inda za a sauke ta."

"An rasa? A Fagge, ina raye? A share ɗakin kudu."

"Sai dai ki ji sauran, don ba zan ɓoye miki ba. Ita ce za ta zo a madadin Jawahir. In kin sauke ta, tafiyar Jawahir ta tabbata."

Carbin hannun Hajiya ya tsaya cak.

"Kai ɗan nan, da igiyar gidanmu ka ɗaure ni."

"Ban kai sunanki ba tukuna. In kin ce a'a, shi ke nan."

"Ni in ce a'a? A ce a zamanina aka fara korar baƙo?" Ta ja numfashi. "To ka ji. Baƙuwa daban, aurenka daban. Ba a tayar da rigima baƙo na cikin gida, wannan ma dokar kakanka ce. Amma ranar da ta tafi, ranar zan aika gidan Malam Ilu."

Haka Jawahir ta tafi, baƙuwar mai suna Siti ta zo. 'Yar firit ce, ga kunya, ga ladabi. Ranar farko aka sauko da akushi aka cika shi da tuwo miyar kuka, Hajiya ta zauna tana jiran ta ga baƙuwa ta yamutsa fuska. Siti ta wanke hannu ta cinye, sannan ta nuna kwalbar yaji tana neman ƙari. Daga ranar ta gama da Hajiya.

Sammani ya kwashe kayansa ya koma ɗakin zaure don mutuncin baƙuwa. Kullum da safe zai shigo ya gaida mahaifiyarsa, bai taɓa ɗago mata maganar Jawahir ba, ko da yake kewarta tana cin ransa har ya rame. Yana dai kallon ikon Allah. Hajiyar da ko maƙwabta sai ta ga dama take shiga, ita ce ke tsayawa a ƙofa in Siti ta yi lattin dawowa daga lacca. Ta koya mata dama fura, ta kai ta kasuwar Kwari ta zaɓar mata atamfa. Hausar Siti kuwa ta fito sak irin ta Hajiya, har da "kai ɗan nan" take ce wa Sammani.

Wata safiya yana durƙushe yana gaisuwa, maƙwabciyarsu Nana Fatima ta shigo aron turmi. Ta bi Siti da kallo har ta fita, sannan ta taɓe baki.

"Ni dai Hajiya ina mamaki. Iyayen kirki ba sa sakin 'ya mace haka ta tsallako teku."

"Ahir ɗinki!" Hajiya ta miƙe tsaye. "Kin san iyayenta ne? Yarinyar da ke riga ni tashi sallar asuba? Gwamnatin ƙasarsu ta duba dubban yara ta zaɓe ta, ke kuma daga aron turmi za ki yanke mata hukunci? Tarbiyya ai a jikin mutum take, duk inda ya je da ita yake zuwa."

Tana rufe baki idonta ya faɗa kan Sammani. Shi kuwa ya sunkuyar da kai yana nazarin tabarma kamar yau ya fara ganinta.

Da damina ta sauka zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da Siti. Hajiya ta tare a ɗakin kudu, ita kanta abinci ma sai an yi da gaske take ci. Ranar da jikin ya yi sauƙi mahaifiyar Siti ta kira ta bidiyo, Sammani yana tsaye daga bakin ƙofa. Wata dattijuwa ce ta bayyana tana kuka, a gefenta kuma ga Jawahir riƙe da hannunta, tana yi musu tafinta.

"Ta ce in gaya miki, Hajiya, tun da Siti ta tafi take roƙon Allah ya sa ta a hannun uwa, kuma ya amsa. Ta ce..." Kunya ta hana Jawahir ƙarasawa.

Siti ta ƙarasa daga kwance. "Ta ce ita ma 'yarki da kika aiko mata ta zame mata 'ya. Ita ke kai ta asibiti, ita ke tsara mata magungunanta, kuma malamansu ba su da zance sai nata. Ta ce wace irin uwa ce ke, da kika yi wannan tarbiyya?"

Hajiya ba ta gyara mata ba. Ta matso da fuska dab da wayar, hawaye na zuba.

"Jawahir, kina cin abinci kuwa? Na ga kin rame."

Ranar da Siti za ta koma, Sammani ya tashi cikin fargaba, don Hajiya ba ta taɓa janye alkawari ba, kuma ba ta ce masa uffan ba. Ya shigo ya tarar da gwaggwanninsa cike da tsakar gida sun sha ado.

"Na ce ranar da baƙuwata ta tafi zan aika gidan Malam Ilu," in ji Hajiya, "kuma ni ba na magana biyu. Ku ɗauka."

Aka ɗaga labulen ɗakinta. Akwatunan lefe ne jere, da atamfofin da ita da Siti suka yi ta zaɓowa a Kwari. Sammani ya zube a gabanta, guɗa ta cika gidan.

Jawahir ta dawo da lambar yabo daga jami'ar can, kuma kafin a ɗaura aure babu gidan da bai ji labarin lambar ba a Fagge, har labarin raƙuma ya samu hutu. Haƙurin Sammani ne ya jawo wannan, bai saɓa wa uwa ba, bai kuma danne haƙƙin masoyiya ba. Duk mai son a riƙe masa ɗansa da mutunci a ƙasar wasu, to ya kyautata zato ga ɗan wani.

Ranar da amarya ta fara cin abinci a gidan, wata gwaggo ta miƙa hannu saman kabad za ta sauko da akushi don karramawa. Hajiya ta riƙe mata hannu.

"Mayar da shi. Wannan na baƙi ne." Ta jawo kwanonta ta tura gaban Jawahir. "Sa hannu, 'yata."