Ƙullin Tsohon Sawakin

Ku matso, ku rage murya. Wannan ba labarin dariya ba ne.

Ƙasimu ɗan Gumel ne, shekara shida yana karatun likita a Sudan bai leƙa gida ba. Ya gama, saura kwana huɗu ya koma wurin Innarsa. Sai abokinsa Lawwali ya ce abin kunya ne su bar ƙasar ba su ga Sawakin ba, tsohon birnin nan na bakin Bahar Maliya inda kakanninmu masu tafiya Makka a ƙafa suke jiran jirgin ruwa. Su biyar suka ɗauki mota da sassafe.

Garin duk kango ne. Gidajen farin dutse sun zube, sai kyanwoyi ke yawo. Suka sha hotuna, suka ci soyayyen kifi. Da rana ta take, Ƙasimu mai shegen son ganin ƙwaƙwaf ya zame shi kaɗai, ya bi wani lungu zuwa bakin ruwa.

Can ya ji an yi masa sallama da Hausa. Wani tsoho ne rungume da ƙullin tsumma. Ƙafafunsa duk faso, ruwa na ɗiga daga gare su, amma inda ya taka a bushe yake. Bakinsa na motsi a gaba, muryar kuwa ta bayan kunnen Ƙasimu take fitowa.

"Yaro, riƙe mini wannan in kama ruwa. Amana ce."

Wane ɗan mutunci ne tsoho zai miƙo wa kaya ya noƙe? Ya karɓa hannu biyu. Tsohon ya yi doguwar ajiyar zuciya, ya ɓace bayan wani bango. Bai dawo ba.

Da la'asar abokan suka same shi a tsaye. Suka ce ya ajiye tsumman su tafi. Ya sunkuya, yatsunsa suka ƙi buɗewa. Suka kama shi suka nufi gadar da ke fita daga garin. Sau uku, suna kaiwa tsakiya sai su ga babu shi, yana can bakin ruwa. Suka nemo wani malami a sabon gari, ƙetaren gada. Ya duba, ya yi addu'a, ya yi tafiyarsa.

Lawwali ya fashe da kuka, don shi ya kawo shawarar zuwa. Ya miƙa hannu.

"Kawo in riƙe maka, ka je ka ga Inna."

Nan take yatsun Ƙasimu suka saki, ƙafafunsa suka yi sakayau. A nan ya gane: ƙullin ba ya sakin mutum sai wani ya karɓa ya maye gurbinsa. Haka aka yi wa tsohon, haka tsohon ya yi masa. Ya dubi Lawwali, wanda mata da jaririya ke jira a gida. Ya ƙanƙame ƙullin a ƙirji.

"Mayar da hannunka," in ji shi a hankali. "Ka ce wa Inna ta daina jira."

Shekara tara ke nan. Inna ta rasu bara, ba ta daina jiran ba. Masu zuwa sun ce da tsakar rana akan ga wani a bakin ruwa, in ya ji Hausa sai ya juya baya, ya ƙi amsa sallama.

In Allah Ya kai ku can, kada wanda ya bi lungun nan shi kaɗai. Ƙasimu ɗan Adam ne, yana gajiya. Wata rana zai juyo.