Burodi Daga Tagar Bene

Letty na jera kofunan shayi sai mahaifinta ya buga tebur. Mista Ashworth ke nan, marubucin da littattafansa ke sa matan attajirai kuka saboda tausayin talaka.

"Enoch? Masaƙin nan mai cewa masaƙa ta zama ta kowa? Talaka ɗaya abin tausayi ne, Letty, amma in suka taru dabbobi ne! Ba zai aure ki ba."

"Baba, ko sau ɗaya ba ka zauna da shi ba—"

"Na rubuta irinsa ɗari!"

Tuni Enoch ya ce wa Letty su gudu, ta ce ita ba za ta fita gidan ubanta ta ƙofar baya ba.

Sai ga ƙarar takalman katako a kan duwatsun titi, tana matsowa. Ma'aikatan masaƙa ne masu yajin aiki, yunwa ta koro su. Uban ya suri kwandon burodi, ya haye bene, ya dinga jefa musu ta taga don su wuce.

"Karnukanka ne mu?" wata tsohuwa ta yi ihu.

Tau! Gilashi ya tarwatse. Aka fara jijjiga ƙofa.

Letty ta leƙa, ta hango Enoch ya jingina bayansa da ƙofar, goshinsa na jini.

"Goggo Hepsy, ajiye dutsen nan, ke da ko kazarki ba kya samu in kin jefa!" Enoch ya ce wa tsohuwar. Ya ɗaga kai. "Ranka ya daɗe, sauko ka miƙa da hannu! Ba zan iya tare su ba!"

"Kashe ni za su yi," in ji uban.

Letty ta ɗauki kwandon, ta sauko, ta zare sakata. Dole ya biyo 'yarsa. Ya miƙa wa tsohuwar burodi hannu da hannu.

Tsohuwar ta karɓa, ta ƙare masa kallo. "Ka iya sa mutane kuka a kanmu, maigida. Amma yau ka fara ganinmu."

Da suka watse, uban ya dubi goshin Enoch. "Shigo a wanke maka. Maganar masaƙar kowa dai ba mu shirya ba."

"Ai ba masaƙa na zo nema ba."

Kafin sanyi ya shigo aka ɗaura aure, Letty ta fita ta ƙofar gaba.

Yara, ku riƙe wannan, babu ragi: tausayin da ake jefowa daga bene raini ne. Haƙurin Letty kuwa bai faɗi ƙasa ba.