Muryar Kyari a Cikin Kwamfuta

Ana dab da kiran magariba a Fagge, masu shaguna suna ta jan ƙyaure, Hajja ta shiga ɗakin ɗanta Kyari ta zauna a bakin katifa. Ɗakin ya daɗe a kulle tun ranar da aka kai Kyari makwancinsa, sai a 'yan kwanakin nan ta iya buɗe shi. Ba komai ke kai ta ba illa tsohuwar kwamfutar tebur da yake zana wa mutane katin biki da ita. Ƙanwarsa Ruwaida ce ta gano cewa akwai muryarsa a ciki, daga wata rana da ya sayo makirfo yana gwadawa.

Ruwaida ta biyo ta ɗakin, ta kunna. Muryar ta cika ɗakin, da wannan tsokana tasa: "Hajja! Hajja! Kina ji na?" Sai muryar Hajja kanta daga madafi, can nesa: "Kai, rabu da ni, miya nake kaɗawa!" Ya yi dariya, ya ja numfashi zai ƙara magana, sai kwamfutar ta ɗauke ɗif. Ga wuta a gida, fankar sama tana juyawa, amma gilashin ya yi baƙi ƙirin.

Haka ta dinga yi musu kullum. Ruwaida ta ɗauko Chimezie, mai gyaran kwamfuta a Sabon Gari, wanda ya san Kyari tun yana raye. Bawan Allah ya yi iya yinsa. Ya canja wayar wuta, ya sa sitabilaiza mai daidaita ƙarfin wuta, ya sauya akwatin da ke raba wuta a cikinta, duk a banza. Ya yi ƙoƙarin kwafe muryar a filas, ɗan abin ajiyar bayanai, yana fara kwafewa ta mutu. Ya ce a ba shi ya kai shago, Hajja ta ce ko tsinke ba zai fita daga ɗakin Kyari ba.

"To Hajiya, sai dai ƙura," in ji Chimezie. "In ta toshe fanka, zafi ne ke kashe ta." Ya ara wa Ruwaida injin hura iska, ya ce ta fitar da kwamfutar tsakar gida da safe ta hure ta.

Ina safiya ga mai tsaron shago a Kasuwar Singa? Ruwaida ba ta dawo daga shagon ba sai da rana ta faɗi. Tana ɗokin ta faranta wa uwarta, ta kwance murfin akwatin kwamfutar a nan cikin ɗaki, ladan yana kira, ba bisimilla ba neman tsari, ta saki iska cikinsa da ƙarfi. Yarinyar da aka haifa a gidan da ko ruwan zafi ba a zubarwa da magariba sai an ambaci Allah! Amma wa zai kawo wannan a kan kwamfuta? Ƙura ta tashi, kuma a cikin ƙarar injin Hajja ta ji wani siririn kuka irin na jinjiri, ya yi sau ɗaya ya yanke.

Daga ranar gidan ya rikice. Da zarar duhu ya fara sauka sai a ji ruwan tsakuwa a kan kwano, a fita a duba, babu kowa. Ana jin mace tana rarrashi a ɗakin Kyari. Ruwaida ta daina ci, ta daina zuwa kasuwa, ta rame kamar wadda ta yi doguwar jinya. Sai ta zauna a gaban kwamfutar ta rungume akwatin tana jijjiga shi, in an taɓa ta ta yi wani gurnani da ba nata ba. Hajja ta tsorata ƙwarai, domin ta binne ɗa ɗaya, ga ta tana kallon ɗayar da ta rage mata tana zamewa.

Aka kira Malam Dabo, wani dattijo mai ruƙiyya da ke bayan masallacin unguwa. Ya zo bayan la'asar, ya sa aka zaunar da Ruwaida a tabarma a gaban kwamfutar, Hajja ta riƙe ta. Ya daɗe yana karatu. Inuwa ta cinye tsakar gida, tsuntsaye suka yi shiru, sannan jikin yarinyar ya sandare, wata murya ta babbar mace ta fito daga bakinta.

"Ya isa, Malam. Kana ƙona ni."

"Wace ce ke, kuma me wannan yarinya ta yi miki?"

"Ɗaki na samu a kulle, ba kowa, na shigo da jaririna. Na kwantar da shi a cikin akwatin nan. Da suka fara kunnawa zafi yana tashinsa, ni nake kashewa. Ban taɓa kowa ba, Malam. Kashewa kawai nake yi." Muryar ta karye. "Sai ta zo da iska a lokacin fitarmu, ba ta ambaci sunan Allah ba balle in ji in ɗauke shi. Ya mutu a hannuna."

Malam Dabo ya sunkuyar da kai. Ya ce, "Allah ya ba ki haƙuri. Amma ba ta gan ki ba, kuma gidan mutane kika shiga ba izini. Ki ji tsoron Allah ki sake ta."

"A ba ni akwatin in tafi. A binne mini shi a bayan gari, inda ba mai tonowa."

Hajja ta ɗago a firgice. "Baiwar Allah, muryar ɗana tana ciki. Ki bari mai gyara ya cire ƙarfen da take ciki, ki ɗauki sauran."

"A kan wannan ƙarfen yake kwanciya. Ƙamshinsa yana nan."

Malam ya dubi Hajja ya ce zai iya ci gaba da karatu har aljanar ta fita dole, sai dai yarinyar za ta sha wuya, kuma jikinta ya riga ya yi rauni. Hajja ta dubi wuyan Ruwaida da ya zama kamar sillen kara. Hawaye suka zubo mata.

"Na ba ki," ta ce. "Ni ma uwa ce, na san abin da ke cin ki. Abu ɗaya na roƙe ki, ki bar ni in ji shi sau ɗaya har ƙarshe."

Sannan hannun Ruwaida ya miƙa a hankali ya danna maɓallin. Fanka ta tashi, gilashi ya yi haske.

"Hajja! Hajja! Kina ji na?"

"Kai, rabu da ni, miya nake kaɗawa!"

Ya yi dariyarsa, ya ja numfashi, wannan karon kuma kwamfutar ba ta mutu ba. "Shi ke nan, tunda kin ƙi amsawa. Wata rana ke za ki nemi in kira ki." Ya sake yin dariya, muryar ta ƙare.

Ruwaida ta yi atishawa ta sulale jikin uwarta, ta buɗe ido ta ce da muryarta ta gaskiya, "Hajja, ƙishirwa nake ji." Malam Dabo ya yi hamdala, ya zare wayoyin, ya naɗe akwatin a cikin wani farin zane. Ladan ya fara kiran magariba. Ko tsakuwa ɗaya ba ta faɗo a kan kwano ba.

Hajja ta ba 'yarta ruwa, ta gyara mata kwanciya, sannan ta bi Malam har soro tana kallon ƙunshin da ke hannunsa. Da zai fita ta ce ya ɗan tsaya. Ta ɗora tafinta a kan zanen, ta sunkuyo dab da shi.

"Na'am, Kyari," ta ce. "Ina jin ka."